Kimiyya a Gida: Idan Ƙafa Ɗaya ta Kumbura, a Dakata da Tausa



Da yawanmu mun taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Ringim, ko a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Mu ne masu kai abinci, mu ne masu fifita. Idan Kaka ta ce ƙafarta na ciwo, nan da nan sai mu hau yi mata tausa. To, akwai lokacin da wannan tausar ke da haɗari.

Jini yakan daskare domin ya toshe rauni, wannan rahama ce. Amma wani lokaci gudan jini kan haɗu a cikin jijiya mai zurfi, galibi a sharaɓa ko cinya. Idan ya ɓalle, sai ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Wannan na iya kisa cikin ɗan lokaci.

Abubuwa uku ne ke jawo shi: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya samu rauni, ko jinin ya ƙara saurin daskarewa. Ana danganta wannan bayani ga wani likitan Jamus, Rudolf Virchow. A ranar haihuwarsa ma, 13 ga Oktoba, ake tunawa da wannan matsala a duniya.

Cutar korona, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 har ta sa aka rufe makarantu, takan haɗa ukun duka. Majinyaci na kwance ba motsi, ƙwayar cutar na illata bangon jijiya, kumburin cikin jiki kuma na sa jini saurin daskarewa. A ƙasar Holan, a shekarar 2020, likitoci sun bibiyi masu korona 184 da ke sashen kulawa ta musamman, suka ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na samun toshewar jijiya, akasari a huhu. Mura mai tsanani da ta kai mutum ga kwanciya ma tana ƙara wannan haɗari. Shi ya sa likita kan rubuta allurar heparin, mai hana jini daskarewa.

Mene ne namu a ciki? Mu sa ido. Idan ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta kumburi, ta yi ɗumi, tana ciwo, kada mu matsa ta, mu kira ma'aikatan jinya. Idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko aka yi tarin jini, ba a jira gari ya waye, ko da an riga an sallamo mara lafiya. Mu kuma tambayi likita ko za mu iya taimaka masa ya motsa ƙafa ko ya ɗan taka. Kada mu sayo maganin tsinka jini a kemis da kanmu, domin yana iya jawo zubar jini.

Tambayar mako: me ya sa ake shawartar mai doguwar tafiya a mota ya riƙa miƙe ƙafa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.