Sabon Akawu Ba Ya Jin Hausa

Jama'a, 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, maganarmu ta wannan mako a kan wani sabon akawu ce da aka naɗa mana ba da shawararmu ba. Ba ya zama a ofis, ba ya sa riga, ba wanda ya san gidan ubansa. Yana zaune ne cikin wayar hannu da na'urar banki da kwamfutar Gwamnati. Shi ke faɗin wanda za a ba taki, da wanda za a ba rance, da wanda za a toshe wa layi. In ya ce a'a, to, magana ta ƙare.

Iyayenmu sun sha wuya a hannun malamin haraji da malamin jangali a zamanin En'e, ba wanda ya manta. Amma duk muguntar malamin haraji mutum ne. Ana iya tare shi a hanya a roƙe shi, ana iya kai ƙararsa, in abin ya ƙi a buga sunansa a jarida ya ji kunya. Wannan sabon kuwa, in ka je ofis ka ce an zalunce ka, sai yaron da ke bakin taga ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Baba, ba laifinmu ba ne, na'ura ce ta ƙi." Ka juya ka tafi, ka kashe kuɗin mota, ka yi asarar yinin aiki, ba ka san wanda za ka kama ba.

To, bari mu faɗa muku asirin. Na'ura ba ta so, ba ta ƙi. Abin da ke cikinta umarni ne da wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta, shi ake kira manhaja. Mai rubuta manhaja yakan jera sharuɗɗa ne kamar haka: in sunan da ke wannan takarda ya yi daidai da na waccan, a buɗe, in harafi ɗaya ya saɓa, a rufe. In yatsa ya fito, a biya. In bai fito ba sau uku, a kulle. Na'urar kuwa sai ta bi wannan umarni dare da rana, ba tausayi, ba gajiya, ba ta duba furfurar kowa. Watau duk lokacin da aka ce muku na'ura ta ƙi, ma'anarsa wani mutum ne ya yanke hukuncin tun tuni, a Legas ko Abuja ko wata ƙasa, tun bai san da ku ba.

Mutumin Kura bai kamata wannan ya ruɗe shi ba, don ya riga ya ga irinsa a ruwa. An gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Turawan Holan suka zana fasalin aikin noman rani, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are wadda aikin ya koma hannunta. Ruwan yana gangarowa da kansa, ba inji, ya biyo babban kanal ya rarrabu cikin ƙanana har ya iso kan gona. Wannan aiki ya kawo arziki, ba mai musu. Shi ya sa Kura ta zama garin shinkafa, Kadawa ta zama garin tumatir. Amma ku tuna yadda aka yi. An tashi dubban mutane daga garuruwansu don a tara ruwan. An karɓi gonaki aka baje, aka sāke rabawa bayan an cire na hanya da na kanal. Mutanen Hadejia da Nguru da ke can ƙasa, waɗanda ambaliyar damina ke ciyar da fadamunsu, ba wanda ya tambaye su. Wanda ya zana layi a takarda shi ya yanke wanda zai zauna a bakin ruwa da wanda zai zauna a wutsiya. Yau in ruwa bai iso gonarka ba, akwai manomin da zai yarda a ce masa ruwa ne ya ga dama ya ƙi zuwa? Ko kusa. Ya san ko dai wani ya rufe ƙofa, ko na sama ya tare, ko kachalla ta cinye kanal an ƙi yashewa. To, manhaja ma kanal ce, tana da ƙofa, ƙofar tana da mai riƙe da makulli.

Ku duba abin da ya faru da taki. A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, Ministan Gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin raba taki ta waya. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo masa, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Niyyar mai kyau ce, don a da manya ne ke kwashe takin Gwamnati tun bai iso ƙauye ba, kuma lalle wasu talakawa sun samu ta wannan hanya. Amma wanda ya tsara abin ya ɗauka kowane manomi yana da waya tasa ta kansa, da caji a cikinta, da sabis a garinsu, ya kuma iya karatun boko. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin huɗun nan sai ya koma hannun wani ya karanta masa, ɗan tsakiyar da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Buhu biyu kuma me zai yi wa mai kadada guda ta shinkafa? Wannan wata magana ce daban. Bayan canjin Gwamnati a 2015 tsarin ya shiririce.

Maganar suna ita ta fi ci mana rai, don mu ma akawuna ne, kullum muna rubuta sunayen jama'a a littafi, mun san yadda sunan Bahaushe yake. Mutum ɗaya ne, a gida Mamman, a takardar makaranta Mohammed, a banki Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu. Duk unguwa ta san shi ɗaya ne. Na'ura ta ce mutum huɗu ne. Takardar tana neman sunan dangi irin na Turawa, alhali mu sunan uba muke sawa, wani ya sa na kaka, wani ya sa na gari. Mace ta yi rajista ɗaya da sunan uba, ɗaya da sunan miji. Ana neman ranar haihuwa ga dattijon da abin da ya sani shi ne an haife shi kafin a fara sakin ruwan Tiga, sai mai rajista ya ƙirƙira masa 1 ga Janairu, na wani ofis ya ƙirƙira masa wata ranar, daga baya a ce shi ne maƙaryaci. Manhajoji da yawa ma ba su karɓar ƙ da ɗ da ɓ, har ɗan waƙafin da ke cikin Sa'idu da Mu'azu sukan tofar da shi. Sa'an nan ga yatsa. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da fartanya, da hannun matan da ke turara shanshera a bakin wuta, zanen yatsansu ya goge, gilashin na'ura ba ya ganinsa. Ashe aikin da mutum ya yi ya ciyar da ƙasa shi ne zai hana a san shi ɗan ƙasa ne?

Haka kuma gona. Takardar rance tana da gurbi ɗaya: mai gona. Mu kuwa a nan akwai gonar gado da ba a raba ba, akwai aro, akwai jingina, akwai haya ta rani ɗaya. Sau da yawa wanda sunansa ke takarda yana birni, wanda ƙafarsa ke cikin taɓo ba shi da gurbi.

Duk wannan da sauƙi in da abin wasa ne. Amma tun da aka fito da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma ba da umarni a Disamba 2020 cewa kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, waɗannan lambobi sun zama ƙofar komai. A Afrilu 2022 an hana layuka fiye da miliyan 70 kira. A Satumba 2021 an kashe sabis ɗungurungum a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda 'yan bindiga, mai gaskiya da ɓarawo duk aka haɗa su aka rufe musu baki. Wanda ya ga haka ya san akwai makulli, ya kuma san ba a hannunsa yake ba.

Babbar jarrabawa ita ce ta farkon 2023. A Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, aka ce kowa ya koma ciniki ta waya. Yaushe wa'adin ya faɗo? Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, daidai lokacin da tumatir ke nuna a Kadawa, kwanduna na cika Kwanar Gafan. Jama'a, tumatir yana jiran sabis? Mai saye ya ce ya tura, mai sayarwa ya ce bai gani ba, kuɗi ya maƙale a sama kwana da kwanaki, kaya na ruɓewa a rana. Ɗan ƙwadagon da ya yini yana tsinka ba shi da asusun banki, hannu yake miƙawa da yamma ya sayi garin tuwo. Mutum ya koma sayen kuɗinsa da kuɗinsa a wurin mai POS. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin nan mai asara ya riga ya yi. An fafe gora ranar tafiya, a kan wuyan talaka. Da waɗanda suka tsara abin sun taɓa kwana ɗaya a kasuwar gwari, da sun zaɓi wani watan.

Kada kuma a ruɗe ku da cewa na'ura ba ta kuskure. A ƙasar Biritaniya, inda ake taƙama da ilmi, hukumar gidan waya ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna kuɗi sun ɓace a ƙananan gidajen waya alhali ba abin da ya ɓace. Daga 1999 zuwa 2015 aka hukunta mutum fiye da 900 da laifin sata ko ha'inci. Wasu suka shiga kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu suka biya bashin da ba su ci ba, wasu suka mutu da baƙin ciki. Kowannensu an ce masa na'ura ba ta ƙarya. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, sai a 2024 Majalisarsu ta yi doka ta wanke su. In haka ta faru ga Bature mai lauya da jarida a ƙasarsa, ina ga mai sayar da shinkafa a kasuwar Kura?

Wani zai ce, to, ku masu adawa zamani kuke ƙi. A'a. Mun san falke yanzu ba ya ɗaure kuɗi a ƙugu ya bi hanyar Legas yana addu'a. Mun san manomi na iya kiran ɗan'uwansa a Dawanau ko Mile 12 ya ji farashi kafin dillali ya buɗe baki. Mun san samarin da ke cin abinci da POS da gyaran waya. Ba mai son a koma baya. Haka kuma ba mu da rigima da masu rubuta manhajar. Da yawansu 'ya'yanmu ne, sun fito daga Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya ta Wudil, ma'aikata ne kamar kowa, abin da mai ba da kwangila ya ce shi suke rubutawa, ga wa'adi a wuyansu. Sai dai muna yi musu hannunka mai sanda. Yaro ya gwada aikinsa a kan babbar wayarsa, cikin ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi, ya ga ya yi, ya ce an gama. Ba a gama ba. Ya zo ya gwada a kan ƙaramar waya mai madannai, a bakin kanal, a hannun tsohuwar da ba ta yi boko ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Harafi ɗaya da ya yi ganganci da shi da rana tsaka, shi ne tafiyar wani sau biyar zuwa Kano.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Duk inda Gwamnati ko banki suka sa na'ura tsakanin mutum da haƙƙinsa, tilas a ajiye ɗan Adam mai ikon gyara, a nan cikin ƙaramar hukuma, wanda zai dubi mutum da shaidunsa ya ce wannan Mamman shi ne Muhammadu, a wuce wurin. In an ƙi ka, a ba ka dalili a rubuce da Hausa, da sunan ofishin da ya ƙi. Kuma kada a sāke kawo wani sabon tsari a ƙasar noma sai an zauna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da shugabannin kasuwa an ji wane wata ne ba a taɓa musu ciniki. Ba sadaka muke roƙo ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ba mutum ikon neman a gyara bayanansa in an rubuta ba daidai ba, ta kuma ba shi ikon ƙin yarda a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Dokar tana nan a Abuja. Mutum nawa aka karanta wa ita a Bunkure?

Saboda haka muna kira ga magatakardan rassa, kowa ya buɗe shafi a littafinsa. Duk wanda aka ce masa na'ura ta ƙi, a rubuta rana, da abin da ya je nema, da ofishin da ya kore shi, da kuɗin motar da ya kashe, da yawan zuwan da ya yi. In sun taru za mu kai wa wakilan da aka zaɓa daga wannan yanki, mu kuma buga jimillar a wannan shafi ba tare da sunan kowa ba. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ya faɗa da baki, a rubuta masa da boko ko da ajami, a karanta masa ya ji kafin ya sa hannu.