Burtalin Da Shanu Suka Bari, Mota Ke Gadonsa

 

Yau filin namu zai yi nisan kiwo, har ƙasar Ostireliya, can bayan teku. Tsakiyar wannan ƙasa hamada ce da fako da ƙaya, ruwa ya yi wuya, gari da gari sai a yi wuni ana gudu da mota. Can ma shanu ne suka fara buɗe hanya, raƙuma suka ɗauki kaya. Amma yau in ka tsaya bakin waɗannan hanyoyi, abin da za ka fi gani shi ne motar kat-kat, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, tana janye da ɗakin kwana na tafi-da-gidanka, a ciki har da gado da murhu da firji. Da yawa daga masu wannan yawo tsofaffi ne da suka ajiye aiki. Mutanen ƙasar sun laƙaba musu suna mai ma'anar masu ƙaura masu furfura. Ƙaura dai ga ta nan, amma ko akuya ɗaya ba su kora.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne: mai mota baƙo ne a kan burtali da bakin rijiya, kuma ya kamata doka ta faɗi haka a rubuce tun kafin motoci su yi yawa. Ga dalilaina.

Yadda burtali ya koma hanyar yawon shaƙatawa

Mu fara da burtalin Canning, a Ostireliya ta Yamma. Tsawonsa kusan kilomita 1,850, daga Halls Creek a arewa zuwa Wiluna a kudu. Abin da ya sa aka yi shi ba baƙo ba ne ga bafatake. Shanun gabashin yankin Kimberley suna da kaska mai kawo cuta, sai hukuma ta hana a kai su kasuwannin kudu. Waɗanda ba a hana ba suka kama kasuwa su kaɗai, nama ya yi tsada a garuruwan masu haƙar zinariya. Sai aka yi shawarar a koro shanun ta cikin hamada, don kaska ba za ta jure doguwar tafiya cikin busasshiyar ƙasa ba. Gwamnati ta tura wani ma'aunin ƙasa, Alfred Canning, ya duba hanya a 1906, aka yi ginin rijiyoyi daga 1908 zuwa 1910. Rijiya 51 ake lissafawa a kan hanyar.

To, duk wannan wahala, garken da aka rubuta sun bi burtalin ba su kai 40 ba. Na ƙarshe ya wuce a 1959. A 1968 motoci suka ratsa shi daga kai har gindi, daga nan ya zama wurin gwajin ƙwazon masu kat-kat. Rijiyoyi da yawa sun rufta. Waɗanda ke ba da ruwa yanzu, akasari ƴan sa-kai daga cikin masu yawon ne suka gyara su, kuma wannan abin a yaba musu ne.

Haka labarin hanyar Birdsville yake, mai kilomita 517 daga Birdsville zuwa Marree. Ta nan ake koro shanun jihar Queensland zuwa tashar jirgin ƙasa. Garin Birdsville kansa wurin karɓar kuɗin fito ne a kan shanun da ke ƙetare iyaka, har zuwa 1901 da jihohin suka haɗe ƙasa ɗaya. Gwamnati ta haƙa rijiyoyin burtsatse a kan hanyar, kusan kowane kilomita 40 zuwa 50, ruwansu na fitowa da zafi daga can ƙarƙashin ƙasa. Yau shanun yankin a manyan kamyo suke tafiya, kai ɗaya na jan tirela uku, tsawon ya haura mita 50. Masu kore da sanda da doki sun zama labari.

Raƙumi ma abin da ya same shi ke nan. Daga shekarun 1860 aka riƙa shigo da raƙuma da masu jansu Musulmi daga Indiya da Afganistan, su ne suka yi dakon kaya cikin hamada, har suka gina masallaci a Marree. Da motar kaya ta zo a shekarun 1920, aiki ya ƙare, aka saki raƙuman a daji. Suka hayayyafa har suka zama abin kuka, tsakanin 2009 da 2013 aka harbe wajen 160,000. Makiyayi in ya ji wannan lissafi sai ya riƙe baki.

Rijiya tana da mai ita

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba a tarihin Canning. Ruwan da ya gina rijiyoyi a kai ba shi ya gano shi ba. Mashayar ƴan asalin ƙasar ce, Aborijin, tun kaka da kakanni. Ya kama mazajensu, ya ɗaure su da sarƙa a wuya, don su nuna masa inda ruwa yake. An kafa kwamitin bincike a 1908, aka wanke shi. Amma wankin kwamiti bai wanke zuciyar masu ruwa ba. Suka riƙa lalata kayan rijiyoyin, kuma a 1911 aka kashe masu koren farko a Rijiya ta 37. Sai a 2002 kotu ta tabbatar wa mutanen Martu haƙƙin mallakar wani babban yanki na ƙasarsu. Yanzu mai kat-kat da zai bi hanyar sai ya nemi takardar izini, ya biya.

Abin lura a nan, shekara kusan ɗari aka yi kafin a koma ga gaskiyar da kowane ɗan kiwo ya sani: ba a zuwa rijiyar mutane a zura guga ba sallama.

A jihar Ostireliya ta Kudu kuwa, yawancin hanyoyin daji ta cikin filayen masu kiwo suke ratsawa. Filayen ba ƙanana ba ne, na Anna Creek kaɗai ya haura murabba'in kilomita 23,000. Dokar filayen kiwo ta 1989 ta ware hanyoyin da kowa zai iya bi, ta kuma ce matafiyi ba zai yada zango ƙasa da mita 500 daga mashayar da aka gina wa dabbobi ba, ko ƙasa da kilomita 1 daga gidan mai fili. Wannan doka ta burge ni, don wanda ya rubuta ta ya san halin saniya. Shanun can ba su saba da mutum kamar namu ba. In suka sauko shan ruwa suka tarar da mota da fitila da hayaniya, sai su tsaya nesa, su koma da ƙishirwa. Mai yawo zai tashi da safe ya ce bai taɓa komai ba, alhali ya hana garke guda sha. Ga kuma mai wanka da sabulu a kwamin shayarwa, ga mai barin gwangwani da leda, ga mai barin wuta ba ta mutu ba. Akwai ƙa'idar da kowa ya haddace a can: ƙofar shinge, yadda ka tarar da ita haka za ka bar ta. In a buɗe take, wataƙila da gangan aka buɗe don shanu su kai ga ruwa. In a rufe take ka bar ta a buɗe, ka gauraya wa mutum garke.

Kwana 500 ɗin nan ba mu ake nema ba, mita 500 ce kawai. Wa ta cuta?

Ƙarfe ba ya maye sani

Wani zai ce ai mai kat-kat ya fi ɗan ayari tsira, tunda abin da raƙumi zai yi mako yana tafiya shi wuni ɗaya ya ishe shi. Saurin nan shi ne tarkon. Raƙumi ba ya kai ka inda ba ka auna ruwanka ba, mota kuwa cikin awa biyar ta kai ka inda ƙafa ba ta iya dawo da kai.

A Disamba 1963 wani magidanci ɗan Ingila da matarsa da ƴaƴansu uku suka saki hanya a kan hanyar Birdsville, mai ya ƙare, suka bar motar suka taka. Dukkansu biyar ƙishirwa ta kashe su. A Disamba 1998 wasu baƙi biyu daga Ostiriya suka kafe cikin rairayi a bakin tafkin Eyre. Macen ta kama hanya da ƙafa don neman taimako, ta rasu a hanya. Namijin da ya koma wurin mota ya tsira. Da ɗan sanda ya zo, iskar tayoyi ya rage, ya ɗan yi haƙa, motar ta fita. Ruwa yana cikin motar, abin da aka rasa sani ne.

Shi ya sa dokokin tafiyar suka yi kama da na madugu. Ka faɗa wa wani inda za ka da ranar isarka. Ka ɗauki ruwa fiye da lissafin kwanakinka, a bido dabam-dabam don in ɗaya ya fashe wani ya saura. Ka riƙe tayar canji biyu da shebur. In ka shiga rairayi ka rage iskar taya don ta baje, ka kuma san cewa mota ta fi shan gazuwal a rairayi nesa ba kusa ba. In ta mutu, ka zauna a inuwarta, don mai nema daga jirgin sama ya fi saurin hango mota a kan mutum. A hamadar Simpson, mai tudun rairayi sama da 1,100, ana ɗaura tuta a doguwar sanda don wanda ke hawowa ta bayan tudu ya gan ka. Kuma hukuma na rufe gandun daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, don lokacin ne bazararsu, zafi na kusantar digiri 50. In an yi ruwa ma ana rufe hanyoyin ƙasa, wanda ya kutsa ya kwaɓe hanya a ci shi tara.

Shi kuwa ɗakin da ake ja, nauyinsa kan kai tan 2 zuwa 3. A hanya mai gargada yana kwance ƙusoshi, tsakuwa ta daki gabansa ta dawo ta fasa gilashin bayan mota. A kan tudun rairayi kuma yana sa tayoyi su yi ta tono, su ɓata hanya ga na baya. Don haka masu hankali kan ajiye shi a gari, su shiga daji da tanti.

Mu mun san wannan darasi da hawaye. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Kuma itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin rijiya yana nuna wa ayarin gishiri hanya, ba raƙumi ya karya shi ba, mota ce ta banke shi a 1973. Gangar jikinsa na gidan tarihi a Yamai.

Abin da za a ce, da amsarsa

Za a ce masu yawon nan suna kawo kuɗi. Gaskiya ne. Birdsville mazaunansa wajen mutum ɗari ne, amma lokacin sukuwar dawaki a watan Satumba dubbai ke sauka, mai gidan mai da mai abinci da bakanike duk su samu. A burtalin Canning ma ƙauyen Kunawarritji na sayar wa matafiya mai. Ba na cewa a kori baƙo. Cewa nake baƙon da ya san iyakarsa shi ake marmarin dawowarsa.

Za a kuma ce Ostireliya daban, mu daban. Wannan ma gaskiya ne. Su kiwonsu a cikin filin haya ne mai shinge, namu na tafiya ne, rani kudu, damina arewa. Ba shingensu nake kwaɗayi ba, shinge mutuwar kiwonmu ne. Amma ko a can ba duk burtali ya mutu ba. Jihar Queensland tana riƙe da burtali kusan kilomita 72,000 a ƙarƙashin doka, da mashaya a kansu, mai kore ya karɓi takarda ya bi, musamman a shekarar fari. Wanda aka rubuta, ake kuma bi, shi ya rayu. Wanda kofato ya daina takawa, taya ta gaje shi.

To, ƴan'uwa, mu duba kanmu. Yau bafatake ya fi son ya loda shanu a kamyo, don kwana biyu ya isa kasuwa ba su rame ba. Ba laifi ba ne, kasuwa ce. Sai dai duk shekarar da burtali ya kwana babu sawun garke, wani na auna shi da ido. A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Saura aiki. Ina kira ga rassan ƙungiyoyinmu da su nemi a auna kowane burtali a kafa masa turaka, a shigar da shi takarda. Su nemi a yanke tazara tsakanin mashaya da inda mota za ta kwana, ko ta ɗan yawon buɗe ido ce, ko ta mai neman zinariya, ko ta ma'aikaci. Kuma duk direban da zai shiga daji, ya tsaya ya tambayi mutanen wurin, don matambayi ba ya ɓata.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye mana rijiyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.