A bar wa hanya burtalinta tun kafin a yanka filaye a Tawa



Duk wanda ya shiga Tawa cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda gari ke cin daji. Garin da ya taso daga Bilbis da Fakawa yau ya miƙe ta kowace kusurwa, jami'a ta zo tun 2010, bikin Tahoua Sakola na 18 ga Disamba 2017 ya kawo kwalta da fitilu, 'yan cirani na aiko kuɗi daga Abijan da Libiya ana sayen parsel. Da yawa daga masu sayen nan 'yan Barmu ne, ɗiyanmu da ƙannenmu. Shi ya sa maganar ta shafe mu. Tambayata ga masu yanka lotisma ita ce: mutanen da za su zauna a waɗannan unguwanni, ta ina za su fita da safe, kuma a cikin mi?

Ku zo mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce an yanka fili 2,000, kowane gida mutum 8. Mutum 16,000 ke nan. A ce kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ke fita da safe, 'yan lakwal, ma'aikata, masu zuwa kasuwa da asibiti: mutum 4,000. In adaidaita ce mai ɗaukar mutum 4, sawu 1,000 za ta yi. In babbar mota ce mai kujera 70, sawu 58 ya isa. To amma babbar mota tana son hanya mai faɗi, da wurin tsayawa, da wurin juyawa, kuma in ba a ware su a takardar lotisma ba, babu su har abada. Ban ma sa kamiyon albasa da na siminti ba, ban sa amalanken jaki da garken da ake korowa kasuwar Lahadi ba, ban sa damina ba, lokacin da korama ke raba unguwa biyu.

Kakanninmu sun san wannan. Kafin a raba gonaki, sai a fidda burtali, a ce nan dabba za ta bi, kowa ya kiyaye. Ba su jira garke ya iso bakin gona sannan su nemi inda zai wuce ba, don sun san ran nan faɗa za a yi. Gari ma haka ne. Fili in an saida shi, an zuba tubali, mai shi ya kawo iyali, ba a karɓe shi sai da diyya da kuka da shari'a.

Na san wasu za su ce a kawo muna jirgin ƙasa kawai. Wallahi ni ma ina so. Amma mun ga abin da ya faru tsakanin Yamai da Dosso: kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kusan kilomita 140, anka yi bikin buɗewa a Janairun 2016, kuma jirgin bai zama abin hawan talaka ba, bai ɗauki kayan 'yan kasuwa ba. Dogo ne da ya tsaya a tsakiyar hanya, bai kai ga tashar ruwan Kwatano ba, inda kayan suke. Abuja kuma, birnin da anka zana tun daga takarda, gwamnati ta koma can a 1991, jirgin cikin gari bai tashi ba sai 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo a 2024. Kuma bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda ƙananan ma'aikata ke kwana. Duk ɗan Adar da ya taɓa ci-rani can ya san cunkoson wannan hanya da asuba.

Senegal sun fi kusa da daidai. Sabon birnin Diamniadio, babbar hanyar da ta haɗa shi da Dakar an buɗe ta a 2013, kafin manyan gine-gine su tashi, jirgin TER mai kilomita 36 ya biyo a Disambar 2021, kuma ya ratsa unguwannin da jama'a suke cunkushe.

Tawa ba Dakar ba ce, kuma ba na ganin jirgi zai shigo ta bana ko baɗi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda anka aza tubalinsa a Fabrairun 2021. In wata rana anka ce a miƙo shi arewa, saboda simintin Malbaza ko gawayin Salkadamna, zai tarar da mu mun cike ko'ina da gidaje, ko zai tarar da zirin da munka bar mashi? Barin ziri ba ya cin ko dala yau. Kafin jirgi ya zo, a dasa bedi a ciki, ya zama hanyar manyan motoci da ta dabbobi, a hana kowa gini.

Ga mu 'yan Barmu kuwa, abin da ya fi damuna tasha ce. Motar da ta kwaso mutane daga Barmu da Kawo da ƙauyukan arewa bai kamata sai ta kutsa tsakiyar gari ta sauke mara lafiya ya nemi kabu-kabu ba. A ware filin tasha a bakin gari ta ɓangarenmu, babba, tun yanzu da ƙasar ke da araha. Shugabanninmu su kai wannan magana gaban hukumomin birnin Tawa, tunda mutanenmu ne ke cika motocin.

Kai kuma da ke Abijan kana shirin aiko kuɗin fili, kafin ka aiko, ka ce a ɗauko maka hoton taswirar lotisman. Ka tambayi faɗin hanyar da ta bi ƙofar gidan mita nawa ne, ina tasha, ina ruwa ke bi in an yi sama.