Laifin Me Mai Keke Ya Yi Mana?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, yau magana ce zan yi a kan mutumin da aka fi rainawa a titunan Kano, wato mai keke. Direban mota yana danna masa ham tun daga nesa kamar wanda ya ga akuya a hanya, ɗan A Daidaita Sahu yana matse shi har sai ya kusa faɗawa kwata, kuma idan tsautsayi ya sa aka buge shi, kafin a tambayi ko yana numfashi za ka ji wani daga cikin 'yan kallo yana cewa, "To shi ma me ya kawo shi tsakiyar titi?" Ni dai a wurina wannan zalunci ne, kuma zaluncin da ya fi tayar mini da hankali, domin mun zuba masa siminti da rodi, mun sa masa suna ci gaba.

Kano fa garin keke ce tun asali. Ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce. In ka cire Dala da Goron Dutse, da wuya ka sami hawan da zai sa lafiyayyen saurayi ya sauka ya tura. Akwai lokacin da kamfanin Raleigh yake da masana'anta a Bompai, kuma iyayenmu sun san zamanin da malamin makaranta, da ma'aikacin En'e, da ɗan kasuwar Kurmi, kowa a kan dokin ƙarfensa yake fita, wani ma ba ya yarda a cire ledar da aka naɗe ƙarfen da ita saboda ji da shi. Daga baya kuɗin fetur suka shigo, babur ya yawaita, acaɓa ya cika gari. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo A Daidaita Sahu, sannan a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni, masu ƙafa uku suka gaje titin gaba ɗaya. Duk wannan juyin da aka yi ta yi, an yi wa kowane abin hawa doka da tasha da ƙungiya, amma ban taɓa jin an zauna an ce ina za a sa mai keke ba.

Dubi inda kuɗinmu suka tafi. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, da ta Dangi, da doguwar nan ta titin Murtala Muhammad, da ta Hotoro, da gadar ƙasa ta Kabuga. Ba na cewa ba su da amfani, kuma wanda ya san yadda Dangi take a da ba zai yi musu ba. Amma a nuna mini, a cikinsu duka, inda aka ware ko da taku biyu aka ce nan na keke ne. Mai keke idan ya iso bakin gada sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya hau sama tare da motocin da suka sami sarari suka taka totur, ko ya bi ta ƙasa inda ake rububin juyawa, kowa yana yanko kowa. Gefen titin da ya kamata ya zama mafakarsa kuwa, yashi ya tare rabi, motocin da aka ajiye da 'yan tebur sun tare sauran, ga magudanar ruwa a buɗe tana jiran wanda zai kauce. Masana tsara birane kuma sun daɗe da gano cewa duk titin da aka faɗaɗa domin mota, ƙarin motoci yake janyowa, bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo yadda yake, sai a sake neman kuɗin wata gadar.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mu ƙaddara ma'aikaci yana kashe naira 1,000 kullum a kuɗin mota zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan mutumin, da a kan keke yake, tafiyar kilomita 5 ba za ta ci masa fiye da minti 20 ko 25 ba, kuma abin da zai kashe bai wuce na mai faci da ɗan man sarƙa ba. Mutane da dama sun yi wannan lissafin da kansu, sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun fito. Abin da suka tarar shi ne titin da aka gina kamar babu su a duniya.

Duk lokacin da aka ta da wannan zance sai wani ya tuno da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, wanda a 2001 ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har wata bas ta ture shi a Abuja ya faɗa rami. An yi dariya, an yi zanen barkwanci a jaridu, aka rufe maganar. Abin mamaki, darasin da muka ɗauka shi ne hawan keke wauta ne. Alhali abin da hatsarin ya nuna a fili shi ne, a babban birnin da aka zana daga farko da takarda da alƙalami, ko minista ba shi da inda zai bi da keke ya tsira da ƙashinsa.

Za a ce mini ai rana. Gaskiya ne, a watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, kuma ba wanda ya ce a fito da azahar tsaka. Amma Ishbiliya ta tsohuwar Andalus, wadda yau ake kira Seville a ƙasar Sifen, ita ma zafinta yana haura 40 a bazararsu, kuma tsakanin 2006 da 2010 ta gina fiye da kilomita 100 na hanyar keke da aka raba da ta mota da shinge, masu hawa suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Za a kuma ce ai Turawa haka al'adarsu take. Wannan ma ba haka ba ne. A ƙasar Holan, motoci sun cinye birane bayan yaƙin duniya na biyu, har a 1971 kaɗai mutum kusan 3,300 suka mutu a hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye ne suka fito zanga-zanga, rikicin man fetur na 1973 ya ƙara tura gwamnati, sannan aka fara sauya fasalin tituna. Shi ya sa a 2024, ranar da Mark Rutte ya sauka daga kujerar firaminista, ya hau kekensa ya tafi, ba wanda ya ce ya talauce.

A nan ne nake ganin ainihin ciwon yake, kuma mu matasa ya fi kamawa. Kunya muke ji. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau A Daidaita, ko ya ari motar abokinsa ya zuba man da ba shi da kuɗinsa, da a gan shi ya jingine keke a ƙofar gidan su budurwa. Mun mayar da abin hawa ma'aunin mutunci, ta yadda dattijon da ya haife mu, in dai a kan keke yake, yaro ɗan shekara ashirin da ke riƙe da sitiyari zai iya leƙo kai ya zage shi. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa raina mutane yana daga cikin girman kai, kuma hanya tana da haƙƙi a kan duk mai bin ta. Ban san dalilin da ya sa muke barin wannan karatu a bakin ƙofar masallaci idan mun kunna mota ba. Masu keken ma, wasunsu suna da nasu: bin hannun da ba nasu ba, da tafiyar dare babu fitila. A gyara. Sai dai kuskuren mai keke kansa yake cutarwa, na mai tifa kuwa gawa yake bari.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kuɗin gada ko guda. A ɗauki hanyar da ta haɗa tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da sabon da ke kan titin Gwarzo, inda dubban ɗalibai da ma'aikata suke kai-komo kullum, a yanke gefe guda a raba shi da dakalin siminti, domin fenti kaɗai ba zai hana ɗan A Daidaita tsayawa ya ɗauki fasinja a kai ba. A dasa darbejiya a jere saboda inuwa. A Kantin Kwari, da Sabon Gari, da manyan masallatan Juma'a, a kafa ƙarafan ɗaure keke da mai gadi, tunda gurbin mota ɗaya yana ɗaukar keke kusan goma, kuma tsoron ɓarawo yana cikin abin da yake hana mutane fitowa da nasu. Idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'unku da hotunan sababbin gadoji, ku tambaye su ta ina mai keke zai bi daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki.