Gita guda, kunne biyu

Akwai wani koke da masu ɗaukar kiɗa a Arlit da Akokan suka saba ji daga bakin waɗanda suka biya su aiki. An yi biki, an kira makaɗa, an kashe kuɗi, amma da aka sanya abin sauraro ga kunne sai gita ta fito ta hagu kaɗai, kunnen dama kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wani ya ɗora laifi bisa ordinateri, wani bisa ɗan kasuwar da ya sayar da waya, wani ya ce wutar lantarki ce. Alhali babu abin da ya lalace. Gita murya guda gare ta, ƙofar da aka shigar da ita kuwa an yi ta ne domin murya biyu.

Wannan magana ta shafi Arlit ƙwarai, domin gari ne da gita ta daɗe da zama cikinsa. Arlit ta tashi ne saboda uraniyom, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971, sannan aka kafa COMINAK a 1974, wanda ya haifar da garin Akokan, kafin a rufe mahaƙarsa ran 31 ga Maris 2021. Albashin ma'aikata ya kawo rediyo da kaset, su kuma samarin Abzinawa suka kawo gita. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a Janairun 2020, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a Nijar, har ya kafa makarantar koyon kiɗa a Arlit. Kaset ɗin wancan zamani, galibinsu da rediyo mai kaset aka ɗauke su, an aje ta gaban makaɗi cikin ɗaki ko bisa tabarma. Sai a 1995 Abdallah ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a ƙasar Benin ya yi «Anou Malane», wanda kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitarwa a 2019. Shi ma Mdou Moctar sai da ya je Sakkwato a 2008 kafin ya ɗauki «Anar». Yau kuwa saurayi mai ordinateri da waya guda yana iya yin aikin cikin ɗakinsa, in ya san inda zai sa ƙafa.

Ga yadda abin yake. Sautin da ake kira mono hanya guda yake bi. Wanda ake kira sitiriyo hanya biyu yake bi, hagu da dama, domin ya kwaikwayi yadda kunnuwan mutum biyu ke ji. Wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1931. Mai karatu ya duba ƙarfen da ke bakin wayar gita, mai kaurin milimita 6,35: zobe baƙi guda ne bisa kansa, ya raba shi gida biyu, tsini mai ɗauke da sauti da jiki mai zuwa ƙasa. Ya duba kuma ƙaramin ƙarfen abin sauraro, mai milimita 3,5: zobe biyu ne, gida uku, tsini na hagu, tsakiya na dama, jiki na ƙasa. In aka cusa mai gida biyu cikin rami mai gida uku, tsini zai kai sauti hagu, hanyar dama kuma ta haɗu da ƙasa ta mutu. Ordinateri ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta rubuta.

Maganin bai buƙatar ko dala. Kafin a fara ɗauka, sai a gaya wa manhajar cewa hanya guda ake so. A Audacity, wadda kyauta ake samunta tun shekarar 2000, akwai wurin zaɓen yawan hanyoyi: a zaɓi 1, watau mono, wanda yake ɗaukar hagu. Sautin da aka ɗauka haka, in aka kunna shi, tsakiya yake zama, kunnuwa biyu su ji shi daidai. In kuwa an riga an ɗauka da kuskure, aikin bai ɓaci ba: a raba hanyoyin biyu, a share wadda ba komi cikinta, a bar ɗayar a matsayin mono. Abin da ba a so shi ne a narkar da su biyun wuri guda yadda suke, domin ana raba ƙarfin sautin gida biyu, kuma duk ƙugin da ke kwance cikin hanyar banza sai ya shigo. Akwai ma riba ta fannin wuri: minti guda na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 5 in mono ne, 10 in sitiriyo ne. Wanda ya ɗauki shiru da hanya biyu, rabin ma'ajiyarsa ya ba iska.

Wasu sukan sayi waya mai reshe biyu domin a zuba gita hagu da dama lokaci guda. Wannan yana cika kunnuwa biyu, amma bai mayar da sautin sitiriyo ba. Abu guda ne aka rubuta sau biyu. Ba laifi gare shi, sai dai ɓarnar wuri.

Tarkon da ya fi muni yana ɓoye ne inda ba a zato. Teburan haɗa sauti da yawa suna da mafita wadda raminta ke karɓar ƙarfe mai zobe biyu, kamar na sitiriyo, amma ba sitiriyo ba ce. Sauti guda take turowa sau biyu, ɗaya daidai, ɗaya a juye, dabara ce ta kashe ƙugi bisa doguwar waya. In aka kai wannan kai tsaye cikin ƙofar sitiriyo ta ordinateri, hagu zai karɓi na daidai, dama ya karɓi na juye. Da abin sauraro ga kunne, sai a ji gita ta yi faɗi, mai ɗauka ya yi murna. Amma ranar da aka kunna waƙar bisa wayar salula mai lasifika guda, ko ƙaramar rediyo, inda ake haɗa hagu da dama, sai biyun su cinye juna, gita ta dushe ko ta ɓace ɗungum. To, a ina ake jin kiɗan arewa in ba bisa salula ba? Ta katin waya da bulutus waƙoƙin Mdou Moctar suka ratsa hamada, har suka shiga tarin da Christopher Kirkley ya fitar a 2011. Waƙar da ba ta fita bisa salula, tamkar ba a yi ta ba. Nan ma magani guda ne: a riƙe hanya guda, a jefar da ɗayar.

Saura batun ƙofar kanta. Ramin makirfo na ordinateri an yi shi ne domin ƙaramin makirfon magana, yana saurin cika har sauti ya tsage. Ordinatocin hannu na yanzu ma rami guda gare su, mai gida huɗu, na abin sauraro da makirfo tare, wanda wayar gita ba ta dace da shi ba. Ramin layi kuwa, inda yake akwai, yana danne gita, domin ita tana son ƙofa mai juriya kimanin om miliyan 1, shi kuma bai wuce ƴan dubbai goma ba. Shi ya sa zaƙin ƙananan tsirkiya ke tafiya, sautin ya yi kamar an lulluɓe shi da bargo. Abin da ya fi shi ne ƙaramin akwatin sauti na USB mai ƙofar kayan kiɗa. In babu, a bi ta mafitar layi ta ampili, ko a aje makirfo gaban lasifikarsa. Amma kada a kuskura a ɗauko wayar da ke zuwa lasifika a cusa wa ordinateri: ƙarfinta na iya ƙona ta. In kuma ana jin ƙugi mai tsawo, sau da yawa na wutar gida ne, mai bugawa sau 50 cikin daƙiƙa. A cire cajin ordinateri a yi aiki da batir, a gani. Wannan duka ya shafi goge da gurmi da imzad na matan Abzinawa, in da makirfo guda aka ɗauke su.

Inda abin ya fi nauyi shi ne tsofaffin kaset. Cikin akwatunan gidajen Arlit da Akokan da Cirozerin akwai muryoyin mutanen da ba su da rai, zafi da ƙura kuma ba sa jiran kowa. Makaɗi mai rai ana iya ce masa ya sake. Kaset ɗin da zarensa ya tsinke ba ya sakewa. Mai juya su zuwa ordinateri ya saurari hagu da dama dabam dabam, ya riƙe wanda ya fi tsabta in abu guda ne, ya aje kwafi na asali kafin ya matse shi zuwa MP3, ya rubuta sunan makaɗi da wuri da shekara in an sani, kuma kada ya zubar da kaset ɗin.

Ɗan kasuwa mai sayar da wayoyi ya tambayi mai saye abin da zai haɗa, ya ƙirga masa zoben bakin ƙarfe; wannan ya fi masa a dawo da kaya ana faɗa. Ma'aikacin da ya biya a ɗaukar masa kiɗan auren ɗiyarsa, kafin ya cika kuɗi ya nemi a kunna masa waƙa guda sau biyu, da abin sauraro sannan bisa lasifikar salula. In gita ta tsaya tsakiya a na farko, ta kuma fito sarai a na biyu, aiki ya yi. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah shi sa a gyara.