Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Kwana



Wannan wasiƙa tana jan hankalin shugabanni kan ɗalibai masu amosanin jini, wato sikila, cutar gado da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini kamar lauje, har su toshe ƙananan hanyoyin jini, su haddasa matsanancin ciwon ƙashi. Tun da ƙishirwa, sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro da aikin ƙarfi suna tayar da ciwon, ya wajaba a bar irin wannan ɗalibi ya riƙe gorar ruwa a aji, a ɗauke masa wankan ruwan sanyi da asuba da horon tsallen kwaɗo, a kuma garzaya da shi asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi.

Allah ya yi jagora.