Dashe Ba Wuya, Reno Ne Aiki

Ɗan'uwa mai karatu, ina da tambaya gare ka. Itatuwan da muka dasa bara, ina suke yau?

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ita ce ranar dashen icce a Nijar, haɗe da bikin samun ƴancin kai. A shekarar 1984 kuma an yi babban taro a Maradi, aka ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. Kowace damina muna gina ramu, muna dashe, mu koma gida. In bazara ta zo, sai ka iske ramu wayam. Mu ce: "Ai gara ce", ko "Ai rana ce". Ni a ganina, rabin laifin namu ne.

Ni ma na yi wannan kuskure. Wata shekara na karɓo ƴan itatuwa cikin leda, na dasa kewaye da rumfar da muke karatu. Daga inuwa suka fito, ganyensu shar. Na sa su cikin fili fetal da tsakar rana. Kwana kaɗan ganye ya ƙone. Gara ta bi ta ƙasa, awaki suka gama sauran. Ɗaya tak ya tsira, wanda ya dace da gindin sabara. Wannan icce shi ya koya mini karatun da zan ba ka.

Icce da hasken rana yake dafa abincinsa cikin ganye. In babu haske, babu girma. Amma ɗan icce bai da doguwar saiwa, ba ya iya jawo ruwan ƙasa. In rana ta yi masa yawa, ruwan jikinsa ya fita, sai ya yi yaushi. In kuma inuwa ta yi masa yawa, sai ya yi tsawo siriri, ya kasa tsayuwa. In ka haɗa inuwa mai duhu da yawan ban ruwa, wuyansa na ruɓewa daidai bakin ƙasa, ya faɗi.

To, ka lura da wannan: ƙwari sun fi samun sa'ar icce mai rauni. Kamar yadda cuta ta fi kama yaron da bai ƙoshi ba. Saboda haka maganar rana da maganar ƙwari magana ɗaya ce.

Kuma kowane icce da halinsa. Gawo, bagaruwa, kandili da aduwa ƴaƴan rana ne. Inuwa kaɗan ta ishe su lokacin tsiro, daga nan sai a buɗe musu. Aduwa ita ke ba mu allo da ƙotar gatari. Gawo na ba mu turmi, ga taki a gona.

Maɗaci shi kuwa daban ne. Katakonsa ja ne mai ƙarfi, kafintoci na son shi ƙwarai. Yana son ruwa fiye da abin da muke samu nan Azagor. A nan sai kusa da rijiya, inda za a riƙa ba shi ruwa. Yana da abokiyar gaba, wata ƴar tsutsa. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Tana saka ƙwai bisa sabon toho. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda kan iccen, ta ci cikinsa. Kai ya mutu, rassa su fito ta gefe barkatai. Icce ya rayu, amma ba zai miƙe ba, balle a samu katako. Wannan tsutsa ta ɓata gonakin maɗaci da danginsa a Gana da Najeriya. Masana sun lura ta fi yin ɓarna inda aka jera maɗaci shi kaɗai cikin fili. In an cuɗa shi da wasu itatuwa, yana samun inuwa ta gefe da haske ta sama, ɓarnar na raguwa, kuma yana miƙewa. In ta riga ta huda, ka yanke wurin, ka bar reshe ɗaya mai ƙarfi ya zama kai.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi.

Na farko, in kana renon iri cikin leda, yi masa rumfar kara mai tsiyayar haske. Saura mako 2 ko 3 ka dasa, ka riƙa zare karan kaɗan-kaɗan, kana rage ruwa. Haka zai saba da rana.

Na biyu, kada ka dasa sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe sosai. Ka dasa da marece. Ka cire ledar. Ka yi masa rabin-wata don ya tare ruwa.

Na uku, kada ka zuba busasshen kara ko ɗanyen taki cikin ramin, kiran gara ne. Sa taki wanda ya ruɓe. Barbaɗa toka kewaye. Dakakken ƴaƴan bedi da aka jiƙa cikin ruwa na korar ƙwari da yawa daga ganye.

Na huɗu, kada ka share wurin ƙwal. Bar sabara ko kalgo kusa, su tare masa iska da rairayi da zafin la'asar. Ka yi masa shingen ƙaya saboda awaki da raƙuma.

Wani zai ce: "Malam, in fara ta zo fa?" Gaskiya ne. Farar 2004 ba ta bar ganye ba inda ta sauka. Amma icce mai saiwa mai zurfi yakan sake toho. Mai rauni shi ke tafiya.

Shi ya sa nake yaba sassaben zamani. A shekarar 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a ƙasar Maradi. Ya ga dashe na ta mutuwa, amma kututturan da ke cikin gonaki suna toho kowace shekara. Saiwarsu ta riga ta kai ruwa, ba su tsoron rana ko gara. Manoma suka fara barin toho mai ƙarfi, suna sare sauran. Daga baya masana sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ban ce a bar dashe ba. Inda babu kututture, dole a dasa. Amma icce 5 da ka rena sun fi 100 da ka yasar. Bana, ka rubuta cikin littafinka iccen da ka dasa, da ranar. In watan Mayu ya zo, ka je ka ƙirga waɗanda ke raye. Wannan lissafin shi ne na gaskiya, kuma yanzu ka iya shi da hannunka.